Tarkon "P" da "F" da Na Ɗana wa Malam Hudu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Admin ina gaisuwa, ina kuma gaida duk masu bibiyar wannan shafi, manya da ƙanana. Ya aiki, ya karatu, ya haƙuri da rayuwa? Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata. Kuma ina roƙon duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, in ya so sai ya yi. Ba tsoron zagin nake ba, don babu kalmar da za ku jefe ni da ita wadda ban riga na gaya wa kaina ba a cikin makonni shidan nan. Na gaji ne kawai. Na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai, ga shi kuma ranar Litinin ɗin nan dole in san inda na dosa.

Ni saurayi ne, shekarata ashirin da uku, haifaffen Sabon Garin Wudil, ina aji uku a sashen noma na wata babbar makaranta da ba zan ambaci sunanta ba. Sunayen da zan faɗa ma duk na aro ne. Tun ina yaro ni mutum ne da ba ya iya buɗe baki a gaban jama'a. A gida har tsokanata ake yi, wai in an aike ni maƙwabta da saƙo sai in tsaya a zaure ina jiran Allah ya kawo wanda zai shigar mini da shi. Haka na gama firamare, haka na gama sakandare, kullum a bencin baya, ban taɓa ɗaga hannu ba ko da amsar tana kan harshena. Na ɗauka haka zan lallaɓa in gama nan ma. Sai ga shi a aji biyu an ba mu kwas ɗin wayar da kan manoma, wato aikin malamin gona, kuma malamar da ke koyar da shi, wata Kirista 'yar kudancin Gombe da zan kira Madam Rifkatu, tun ranar farko ta ce ita ba ta san malamin gonar da yake yawo da bakinsa a aljihu ba. Ta raba mu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar. Kowane rukuni zai fito gaban aji ya gabatar da darasi da Turanci, kuma kowa sai ya yi magana, babu laɓewa a bayan wani.

Ranar da aka zo kan rukuninmu ƙarfe huɗu na yamma ne. Na miƙe da takardata, na dubi mutum sama da tamanin, na ce musu "gud monin". Aka yi dariya. Rubutun da na kwana uku ina haddacewa ya tashi daga kaina tas. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, na dai san Madam ce ta ce in je in zauna. Maimakon in zauna sai na fice, na zagaya bayan ajin wajen famfo na tsuguna. Wallahi a ranar na yanke shawarar barin karatu, in koma shagon yayana in riƙa awon siminti, tunda shi siminti ba ya kallon mutum.

A nan Malam Hudu ya same ni. Shi ɗan rukuninmu ne, amma ya kusa haifata. Malamin firamare ne a Dagumawa, ya haura arba'in, har da furfura a gemu, an ba shi hutun ƙaro karatu ya zo ya zauna cikin yara sa'o'in ƙannensa. 'Yan aji Baba suke ce masa. Kullum a kan wani tsohon babur yake zuwa, da hularsa a karkace. Ya tsuguna kusa da ni ya wanke hannu kamar abin da ya kawo shi ke nan, sannan ya ce, "Ƙanena, ka ci abinci kuwa yau?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka ga laifi na farko. Na biyu kuma, ka faɗa wa mutane gida babu sallama. Kai in baƙo ya faɗo muku tsakar gida ya hau bayani, ba kallonsa za ku tsaya yi ba? Ranar Asabar ka shirya, zan zo in ɗauke ka."

Ranar Asabar kuwa ya zo, ya goya ni har Dagumawa, ya kai ni majalisar dattawa a gindin wani durumi bayan La'asar. A hanya ya ce mini, "Yau gaisuwa kaɗai za ka yi, ko harafi ɗaya na boko ban ce ka faɗa ba." Dattawa ne kusan goma sha biyu a kan tabarmi. Na durƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya, an wuni lafiya, ina gajiya, ya iyali, ya damina, ya aka ji da ruwan jiya. Su kuma suna amsawa suna ƙarawa, ɗan gidan wa ne, ya mahaifin naka, ya karatu. Kafin in kai kan na ƙarshe na ji hankalina ya kwanta. Sai wani tsoho mai ido ɗaya ya ce, "Kai ɗan boko, me ya sa wakena yake zama gari tun kafin azumi ya kama?" Na fara ba shi amsa, wani ya katse ni, na ba shi tasa, wani ya musa, na kawo masa misali. Sai da ladan ya kira Magariba na farga cewa ni, ni ɗin nan, na fi rabin awa ina magana a gaban mutane. Malam Hudu yana gefe yana ɓare gyaɗa yana murmushi. Da muka tashi ya ce, "Ka gani? Ai gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce. Kai kana tambayar lafiyar gida, zuciyarka tana neman wurin zama."

Daga nan kusan duk Asabar ina Dagumawa. Shi ya koya mini in zaɓi fuska uku a cikin taro, ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya tsakiya, in riƙa yi musu magana kamar su kaɗai ne a wurin. Shi ya koya mini kada in riƙe takarda, in riƙe abin da nake magana a kansa, ko zangarniya ce ko fartanya. Shi ya ce mini, "In magana ta kuɓuce maka kada ka firgita. Maimaita abin da ka faɗa na ƙarshe a hankali, sai mutane su ɗauka jaddadawa kake yi, kafin nan bakin zaren ya dawo." Ku riƙe wannan ta ƙarshen, don za ta dawo. Na ci tuwon gidansa ban san sau nawa ba. Matarsa, da nake kira Yaya, in ta ji ƙarar babur sai ta ce a ƙara ludayi a kwanon fura, ƙanin Malam ya zo. Ko ruwan sanyi mutumin nan bai taɓa nema a wurina ba.

To ga inda matsalar take. Malam Hudu in da Hausa zai yi magana, ko kasuwar shanu ta Wudil ta ranar Juma'a sai ta yi tsit ta saurare shi. Turancinsa ma a rubuce ya fi na da yawa daga cikinmu. Amma bakinsa irin namu ne na Kanawa, "p" da "f" sun zame masa Hassan da Usaini, in ya kira wannan sai wancan ya amsa. Ni ma haka nake a da, ba zan ɓoye ba. Bayan gabatarwarmu ta biyu Madam Rifkatu ta kira ni ofishinta ta ce na yi ƙoƙari sosai, saura abu ɗaya. Ta yagi 'yar takarda ta riƙe a gaban leɓenta, ta nuna mini in aka faɗi "p" daidai leɓe yana haɗuwa, iska ta fito ta bugi takardar ta motsa, in kuwa "f" ce haƙori ne yake taɓa leɓen ƙasa. Wata biyu na yi ina hura wa takarda iska a ɗaki, har ƙanwata ta ce wa Umma a nema mini magani. Bakina ya gyaru. Kuma ban taɓa gaya wa Malam Hudu wannan dabarar ba. Da farko na gaya wa kaina kunya ce, ina ni ina gyara wa babba baki? Amma tunda na zo faɗin gaskiya ne bari in faɗe ta duka. Daɗi nake ji a ce akwai abu ɗaya da na iya shi bai iya ba.

Da muka shiga aji uku kwas ɗin ya ci gaba, rukunin ma bai canza ba. Malam Hudu da bakinsa ya ce a ba ni shugabancin rukuni, wai yaro ya kawo ƙarfi. Sai Madam ta sanar cewa daga gabatarwar da za mu yi a wannan zangon za ta zaɓi ɗalibi ɗaya da zai yi jawabi a ranar manoma da sashenmu yake shiryawa, a gaban baƙi da manyan malamai. Darasinmu shi ne yadda ƙaramin manomi zai adana wake kada ƙwari su cinye. Ni ne zan buɗe, shi kuma Malam Hudu zai nuna yadda ake amfani da buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga. Wannan sashen ba shi da yawan Turanci, aikin hannu ne da barkwanci. Ranar gwaji Madam ta leƙo, ta tarar da shi yana matse iskar buhu da gwiwa yana cewa haka ake yi wa ƙwaro talala, ta yi dariya har da tafi, ta ce, "Wannan shi ne malamin gona." Kalma biyar ɗin nan su suka kashe ni. Ni da shekara guda baya ko sallama ba na iya yi, yanzu na ɗanɗana tafi, kuma wallahi tafi ya fi zuma shiga rai. Na koma gida ina jin kamar an ƙwace mini wani abu nawa. Me aka ƙwace mini? Wa ya ba ni shi tun farko? A lokacin ban tsaya na yi wa kaina waɗannan tambayoyin ba.

Saura kwana biyu na zauna da rana tsaka a ɗakin karatu na sake rubuta buɗewar. Ba kuskure ba ne, ba tsautsayi ba ne, kada wani ya nema mini uzuri. Zaɓen kalmomi na yi ɗaya bayan ɗaya, in na sami wadda ba ta da "p" ko "f" sai in cire ta in nemo mai shi. Jimlar farko ta fito haka: "Poor farmers face five principal problems of pests." Na karanta ta a hankali, na ji yadda za ta fito a bakinsa, na sa ta da manyan haruffa a shafin farko na abin da za a haska a bango. Da safen ranar, muna tsaye a bakin aji, na ce masa, "Malam, an ɗan yi canji. Mun ga bai dace a ce ga babba a tsaye yaro ya buɗe taro ba. Kai za ka buɗe, ni sai in yi na buhun." Kun ga da abin da na kama shi? Da ladabi. Ya ji daɗi har fuskarsa ta nuna. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Babu dai wata kalma mai ƙashi a ciki ko?" Na ce, "Babu, Malam, karantawa kawai za ka yi daga bango." Sannan na miƙa wa wani abokina wayata na ce ya ɗaukar mana bidiyo don tarihi.

Ya fito ya tsaya, ya gyara hula, ya gaida Madam, ya gaida aji, ya tambaye su gajiya da Turancinsa mai sanyi, ajin ya yi tsit kamar yadda yake yi masa kullum. Sannan ya juya ya kalli bango ya karanta da ƙarfi: "Fuwa pamas pes paib firinsifal furoblems op fests." Wata daga baya ce ta fara ƙyalƙyalewa, sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya. Kuma abin takaicin, fiye da rabin masu dariyar haka bakinsu yake. Shi bai gane me ya faru ba, ya ɗauka magana ce ta kuɓuce masa, sai ya yi abin da ya koya mini. Ya maimaita jimlar a hankali, kalma-kalma. Jama'a, ajin nan kamar zai tsage. Har da masu dukan benci, har da wanda ya faɗo daga kujera. Madam tana buga tebur tana cewa a yi shiru, babu mai jin ta. Na ga Malam Hudu ya duba dama, ya duba hagu, yana neman fuskokinsa uku, duk suna dariya. Sai ya juyo ya kalle ni. Ni kuma na sunkuyar da kai. Ya cire hularsa ya goge goshi, ya mayar, ya bi ta ƙofar gefe ya fita a hankali. Ni kuwa da aka lafa na ɗauki buhu na yi bayani da duk barkwancinsa, har da matse iska da gwiwa, har da talalar ƙwaro. Aka tafa mini. Ni aka zaɓa.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Da yamma ina kallon bidiyon, sai na yanko daidai wurin, bai fi daƙiƙa goma ba, na tura wa wani ɗan ajinmu na rubuta masa "kada ka tura wa kowa". Waye a cikinmu bai san ma'anar wannan maganar ba? Kafin Isha'i yana cikin gurup ɗin aji, washegari an mai da shi sitika, fuskar Malam Hudu da baki a buɗe an rubuta "Fuwa Pamas" a ƙasa. Magana zarar bunu ce, bare ta waya. Cikin mako guda ya isa Dagumawa. Yaran da yake koyarwa suka riƙa bin baburinsa suna rera masa sunan. 'Yarsa da ke aji biyar ta yi dambe a kai, ta dawo gida da yagaggen hijabi tana kuka. Mutumin da dattawa suke matsa masa a kan tabarma ya daina zama a majalisa. Makaranta ma ya daina zuwa, yau mako shida ke nan.

Ranar manoma ta zo na yi jawabina, na gaida mutane yadda ya koya mini, na zaɓi fuskokina uku, manya suka miƙo mini hannu. Kun san me na ji? Babu. Kamar mai mura yana cin nama. Ina sauka daga kan dandamali wayata ta yi ƙara, na duba na ga shi ne. Ya ce, "Ƙanena, labari ya iso mini, an ce ka fitar da mu kunya. Yayarka har guɗa ta yi." Na ce na gode, Malam. Tun daga ranar abinci ba ya yi mini daɗi, karatu ba ya shiga, in na ga sitikar nan a waya sai in kife ta. Abokai suna ce mini mai baki, ana turo ni in yi magana a madadin aji, ni kuwa duk lokacin da na buɗe baki muryarsa nake ji a ciki. Ana cewa in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Nawa ban san zurfinsa ba sai da na waiwaya na ga ni ne a ciki.

Makon jiya Madam Rifkatu ta kira ni. Ta ce Malam Hudu ba shi da maki a gabatarwa tunda bai ƙarasa ba, kuma in babu wannan makin sai ya maimaita kwas ɗin baɗi. Hutun da aka ba shi kuwa ƙididdigagge ne, ba za a ƙara masa ko zango ɗaya ba, ma'ana shekara ukun da ya yi yana zirga-zirga a kan babur ta tafi a banza. Ta ce ta ba shi dama ta ƙarshe ranar Litinin, a gaban ajin nan dai, kuma ta ja wa aji kunne. Ta kira shi ya ce mata ya gode amma ya haƙura. Ta ce, "Kai ne ɗan gidansa, je ka kawo mini shi." Har na kai bakin ƙofa ta ce, "Tsaya. Jimlar nan ta farko, wa ya rubuta?" Na ce a wani littafi muka samo. Ta daɗe tana kallona ta saman gilashinta. Ta ce, "To. Duk wanda ya rubuta ta, ko dai bai san komai ba, ko kuma ya san abin da yake yi sarai." Ita ce fa ta koya mini dabarar takardar nan da hannunta. Kuna ganin ba ta gane ba?

Ranar Asabar na hau mota na tafi Dagumawa. Na same shi a gona shi kaɗai yana roron wake, ya rame, gemun ya ƙara fari. Ya yi murna da ganina har ya rasa inda zai zaunar da ni. Muka zauna a inuwar wata ɗorawa na isar masa da saƙon Madam. Ya girgiza kai ya ce, "Ƙanena, ni fa na girma. Bakin da ya shekara arba'in a karkace ba Litinin ce za ta miƙe shi ba." Sai na yagi takarda daga littafina na nuna masa dabarar. Ya riƙe ta a gaban baki yana gwadawa, sau ɗaya, sau biyu, sau goma, can sai takardar ta yi tsalle. Ya sake, ta sake tsalle. Dattijon nan ya fashe da dariya har da hawaye, yana cewa, "Ashe ɗan abin ke nan? Ɗan wannan abin ne ya tozarta ni? Kai yaushe ka koya?" Na ce, "Kwanan nan, Malam." Ƙarya a kan ƙarya, kuma ko gezau bakina bai yi ba. Bakin da ya buɗe mini da shi nake yi masa ita.

Mun fi awa muna yi, har ya faɗi jimlar nan ta tsiya daidai sau uku a jere. Sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce, "Zan zo. Amma da sharaɗi, kai za ka tsaya a gefena. Ranar nan da na duba ajin kaf, kai kaɗai na gani ka sunkuyar da kai don baƙin ciki. Ban manta ba. Fuska uku na koya maka, amma ni yanzu ɗaya ta rage mini." Na kasa ɗaga ido. Ya ci gaba, "Dariyar aji na yafe, yara ne, ni ma da na ji kaina a waya sai da na murmusa. Jimlar ma tsautsayi ce, ka daina damun kanka, na san ba da gangan ka sa ta ba. Amma wanda ya yanki hoton nan ya watsa har ya kai ga 'yata ta yi kuka, shi kam ban yafe ba. Duk sallah sai na kai ƙararsa." Ya ɗaga hannu sama a nan cikin gona ya ce, "Allah ka isar mini a kansa, ko waye shi." Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka ce amin mana, ƙanena."

Na ce amin.

Da zan tafi Yaya ta ƙulla mini sabon wake a leda ta ce in kai wa Umma. Yana nan a ɗakina ban iya miƙawa ba.

Yanzu ga inda nake. In na gaya masa kafin Litinin, na san Malam Hudu, ba zai zage ni ba, ba zai ɗaga murya ba, cewa zai yi "to, ƙanena", kuma ba zai sake taka makarantar nan ba. Karatunsa ya tafi ke nan, na kashe shi sau biyu. In kuma na yi shiru na tsaya a gefensa ya jingina da ni ya ci makinsa, to na sake cin amanarsa, ya tsaya a gaban mutane yana samun ƙarfi daga fuskar wanda ya tozarta shi. In bari sai bayan Litinin? To ranar da ya ji, ba zai ce nasarar ma da yaudara aka ba shi ita ba? In kuma na binne maganar har abada, ina zan kai addu'ar da yake yi sau biyar a rana, wadda ni da bakina na sa mata amin? Ga wanda na tura wa bidiyon yana nan a ajin, ga Madam da kallonta. In daga bakin wani ya ji fa? Na yi istigfari har na gaji, amma na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, shi kuwa ta yaya zai yafe wa wanda bai sani ba?

Abu na ƙarshe, wanda shi ya sa na rubuto muku. Da na hau mota zan dawo, ya biyo ni har bakin titi ya leƙo ta taga ya ce in rubuta masa jimlar da zai buɗe da ita ranar Litinin, in turo masa kafin Azahar ɗin yau Lahadi ya samu ya haddace. Na ce ai gara ya rubuta da kansa. Ya ce, "A'a, kai dai. Yanzu hannunka kaɗai na yarda da shi."

Takardar tana gabana tun jiya, ko ɗigo ban iya sawa ba. Iyayena, yayyena, malamai da ke wannan shafi, don Allah ku dube ni a matsayin ɗanku da ya yi ɓarna ya rasa mafita. Mutumin da ya buɗe mini baki yana can yana jiran saƙona. Me zan yi?